Wa zai sha iska? Littafin shirin tseren Disamba

Lahadi, 2 ga Nuwamba 2025

Kyaftin ya ce kowa ya nemi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi, don in ƙafa ta ci amanar mutum ran tsere ya san inda ya yi sake. Ga nawa.

An tsayar da maganar tseren keke jiya da dare. Asabar 20 da Lahadi 21 ga Disamba, kwana biyu a jere. Ranar farko daga Damagaram zuwa Mirya a dawo, sau biyu, wajen kilomita 72. Rana ta biyu Takeita a dawo, ɗari da ƴan kai. Ƴan keken gari ne suka haɗa abin da kansu, kuma an ce yaran Maraɗi za su zo.

Mu biyar ne. Kyaftin, wanda ya fara tsere tun ina firamare. Mushe, malamin lissafi. Tela. Auta, ɗan shekara 19, yana taya yayansa gyaran babur a Sabon Gari. Sai ni, mai shago a kasuwar Dole, shekara 34, kuma in faɗi gaskiya tunda littafina ne, ni ne mai ƙarfin cikinsu. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya babu wanda yake riƙe gudun kilomita 36 a awa ya daɗe kamar ni.

Kekena gwanjo ne na alminiyam, giyar Shimano, faranti mai haƙora 52 da mai 36 a gaba, giya tara a baya. Tayar baya ta suɗe, zare ya fara leƙowa. Yau mun je Tirmini mun dawo, kilomita 50, awa 1 da minti 44. Kowa zai riƙa zuba jika 1 duk mako a asusu, Mushe ne ma'aji.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Bayan asuba, kilomita 28 ni kaɗai. Na buɗe shago da takwas da rabi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Yau aka fara koyon karɓa-karɓa, yau kuma na fara shan faɗa.

Kyaftin da Faransanci ya koyi sunayen abubuwan nan, mu muka mayar da su bakinmu. Taron masu tsere in sun dunƙule, garke. Wanda ke gaba, shi ke shan iska. Wanda ya manne a bayan tayar wani, ya shiga inuwa. Mushe ya ce a gudun 35 zuwa 40 mafi yawan ƙarfin da mutum ke kashewa da iska yake kokawa, kuma wanda ke cikin inuwa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Ni dai na san in ina bayan Tela har magana nake iya yi, in na fito gaba kuwa numfashi ya ishe ni aiki.

Ƙa'idar ba wuya a baki. Ka ja na daƙiƙa 30, ka motsa gwiwar hannu, ka zame gefen da iska ke zuwa, ka sassauta har layi ya wuce ka, ka shiga bayan na ƙarshe. Gudun da ka tarar shi za ka riƙe. Nan ne matsalata. Duk lokacin da gaba ta zo kaina, sai in ga hanya fetal, ƙafa ta yi ƙaiƙayi, in ɗaga daga 33 zuwa 38. Layi ya tsinke. Wanda ya gama jansa yanzun nan, yana haki, ya rasa tayar da zai kama. Sau uku ina yi. A na ukun Kyaftin ya tsayar da mu ƙarƙashin wata bedi, ya sha ruwa, ya ce, "Malam, in kai kaɗai za ka yi tsere ka gaya mana mu koma gida mu karya kumallo."

Na ce ai ban ji na ƙara gudu ba. Mushe ya zaro waya ya nuna mini Strava ɗinsa, manhajar da ke rubuta gudun keke, ga tudu uku a zanen gudu, duk a daidai inda nake gaba. Ba a gardama da malamin lissafi.

Kilomita 56.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ranar kasuwa, ban hau ba. Na ba wani direba da ke zuwa Kano ta Matamaye da Daura jika 14 ya sayo mini taya biyu da tub uku. Na rubuta masa girman tayar a takarda, 700 da 25. A nan gari tayar keken kasuwa ce ta cika ko'ina, siririyar ta tsere sai an yi sa'a.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Wauta muka yi, mu duka. Muka ce a je a ga hanyar Mirya tunda a kanta za a yi ranar farko, babu wanda ya tuna yau kasuwarta ke ci. Tun daga mashigar gari amalanke ne, da ƴan kabu-kabu ɗauke da buhuna, da awaki a jere. Ba mu yi karɓa-karɓa ko na minti biyar ba.

Wajen kilomita 13 wata a-kori-kura ta matse ni, na sauka gefen kwalta, cikin tsidau. Ƙaya huɗu na zare daga tayar baya da farce. Na sa tub ɗin da nake ɗauke da shi, na buga iska, muka yi gaba, ba mu kai kukokin Mirya ba ta sake saɓulewa. Ashe akwai ta biyar da ta karye a ciki, ban bi cikin tayar da yatsa ba. Kowa ya san a bi da yatsa. Ni ma na sani, sauri ne.

Wani dattijo mai faci a bakin kasuwa ya karɓa, ya juya tayar yana dariya, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba taya ba ce, igiyar guga ce." Ya yi faci biyu, dala arba'in. Ya buga da famfonsa har ya gaji ya ce ta isa, na matsa na ji kamar cikakken tumatir. Siririyar taya tana son iska mai yawa, wajen bar 6 a ma'aunin iska, in ba haka ba ramin farko da ka faɗa rim zai cije tub. A hankali na lallaɓa ta har gida.

Laraba 19 da Juma'a 21 ga Nuwamba

Kilomita 30 kowace rana, hanyar Takeita. Ba ma bin hanyar Tanut da safe saboda tankokin mai. Sanyi ya fara, na sa safa a hannu.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai. Da gari ya waye duwatsun Birni ma da ƙyar ake ganinsu, rana kamar tsohon faranti. Kyaftin kuwa murna yake, ya ce yau ce ranar mafici.

Jiya Asabar muka so yi a hanyar Mirya, Tela yana da ɗinkin biki, don haka muka fita tun duhu yau kafin ƴan kasuwa su taso. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. In ka nufi Mirya tana dukan kafaɗarka ta hagu, in ka juyo ta koma ta dama. A irin wannan, inuwar ba a bayan taya take ba, tana gefe. Sai ka ja baya kaɗan ka raɓa dama da na gabanka, na bayanka ya raɓa dama da kai, layi ya karkace kamar an buɗe mafici. Kwalta kuwa tana da iyaka. In mu biyar muka cika faɗin da ke tsakanin na gaba da bakin hanya, na shida ba shi da wurin fakewa. Zai bi gefen kwalta yana shan iskar da na gaba ke sha, ba tare da wanda zai karɓe shi ba, har ya saki.

Wannan ita ce dabarar da Kyaftin yake so mu yi ran Asabar ɗin tsere, a tafiya ta biyu. Amma tana son mutum biyar cif. Da huɗu ma a lallaɓa, da uku ba ta yiwuwa.

Mun gwada sau shida. Biyu sun yi kyau har na ji daɗi, babu mai magana, sai ƙarar sarƙa. A ɗaya Auta ya goga tayarsa ta gaba da ta bayan Mushe, ya yi tangal-tangal, Allah ya tsare. Na riƙe gudu yau, sau ɗaya kawai aka daka mini tsawa.

Da na dawo na ɗebi bokiti zan wanke keke, uwargida ta tsaya a kaina. Kwana uku famfo bai kawo ba, ruwan ƴan garuwa ne, ta ce in keken ne zai yi alwala to ya biya kuɗinsa. Da tsumma da kananzir na goge sarƙa. Bakin man da nake ɗiga mata yana kama ƙura ya zama kamar kwaɓin siminti, zan koma man keken ɗinki, Tela ya ce zai ɗibar mini.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Taya ta iso, kuma ba ita ba ce. A jikinta an rubuta 27 da 1¼. Direba ya ce mai shagon ya rantse masa duk ɗaya ne. Na kai wa Kyaftin, ya nuna mini ƙananan lambobin da ke gefe: tawa 622, wannan 630. Milimita 8 ne tsakani, ido ba ya gani, amma in ka sa ta a rim ɗina za ta yi sako-sako, ka buga iska ta yi tsalle ta fita. Tub ɗin dai sun yi.

Direba ya ce zai mayar mako mai zuwa, in mai shagon ya yarda. Na ƙara masa jika 1 na wahala. Wannan karon tsohuwar tayar Mushe na yanko guntu mai ɗauke da lamba na ba shi ya tafi da shi.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Takeita a dawo, karo na farko bana. Kilomita 103 a wayar Mushe.

Tafiya daɗi. Iska a baya, muna 39, 40, kamar ana tura mu. A mararrabar da hanyar Matamaye ta rabu muka sha shayi, su suka ci burodi, ni na ce ban ji yunwa ba. Kunu na sha da asuba, dabino uku ne a aljihuna, na riga na cinye.

Da muka juyo sai iska ta tare mu a ƙirji. Daga 40 muka koma 25, kuma 25 ɗin da gumi. Na yi jan da ya fi na kowa tsawo, ina jin kaina. Bayan Tirmini, saura kamar 18, abin ya zo. Ba gajiya ba ce irin wadda na sani. Ƙafa tana juyawa amma babu komai a cikinta, kamar an zare mini laka. Hannu ya fara rawa, gumi mai sanyi, ina ganin farin layin hanya biyu-biyu. Na kasa riƙe tayar Auta a gudun 20. Babu abin da ke cikin kaina sai ɗanwake da mai da yaji.

A wani ƙauye suka zaunar da ni. Wata yarinya mai tallar fura ta dama mini ta dala ashirin, na shanye, na ce a ƙara. Mushe yana tsaye yana karatu: sukarin da jiki ke ajiyewa bai wuce na awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba in ana aiki mai ƙarfi, wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara. Auta ne ya ja ni har gari, yana waiwayowa yana cewa, "Yaya, kana nan?" Yaron da na ɗauka ko rabina bai kai ba.

Daga yau: dabino biyu duk rabin awa ko ina so ko ba na so. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya da haɗin da ake yi wa mai gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda.

Laraba, 3 ga Disamba

Mura da tari. Ƙurar Lahadi ce. Ban hau ba.

Lahadi, 7 ga Disamba

Har yanzu ƙirji bai washe ba. Sun tafi su huɗu. Na zauna ina shan citta da kanumfari ina jin haushi. Taya ta iso jiya, 622 wannan karon, amma mai faɗin 28 maimakon 25. Ta shiga, da ɗan sarari tsakaninta da birki. Kyaftin ya ce ga irin kwaltarmu ma gara haka.

Laraba, 10 ga Disamba

Taro bayan isha a shagon Tela. An zo maganar da kowa ke kewayewa: wa za a yi wa aiki.

Kyaftin bai ja ta ba. Ya ce Auta. Dalilinsa, hanyoyin duka biyu shimfiɗe suke, babu tudun da zai raba garke, in ba iska ta tsinka shi ba a dunƙule za a iso, kuma a mita 200 na ƙarshe babu mai taɓa yaron nan a cikinmu. Ni kuma aikina in tsare shi daga iska, in kamo duk wanda ya ɓalle, in ja shi daga saura kilomita 1 zuwa saura mita 500, Mushe ya karɓa, sannan a sake shi.

Na ce wato ni ne jaki. Tela ya yi dariya ya ce a'a, ingarma. Ban yi dariya ba. Shekara shida ina hawa, ni na saya wa Auta hular kwanonsa ta farko. Na ce a gwada.

Mushe ya kawo maganar Biniam Girmay na Eritiriya, wanda bara ya ci zango uku a Tour de France, babban tseren keke na Faransa, ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, ya ce ka kalli bidiyon, kafin ya fito akwai waɗanda suka ƙone a gabansa, ko sunansu ba ka riƙe ba. Na ce to ai shi ne abin da nake faɗa, ba a riƙe sunansu ba.

Juma'a, 12 ga Disamba

An gwada. Sau uku daga saura mita 300, ni da shi, gefe da gefe. Na farko ya ba ni tsawon keke biyu. Na biyu uku. Na uku na fara tun daga 500 don in gajiyar da shi, ya shige inuwata ya zauna, ya fito a 100 ya wuce kamar ina tsaye. Wayar Mushe ta ba shi 56, ni 49.

Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba, ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi.

Lahadi, 14 ga Disamba

Kilomita 70, an yi jerin ƙarshe sau biyar. Tela, Kyaftin, ni, Mushe, Auta. Uku sun fita daidai. Ina yin abin da aka ce.

Alhamis, 18 ga Disamba

Ranar Jamhuriya, hutu. Tela ya auna sarƙata da tef ɗin ɗinki. Gaɓa 12 na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif, tawa ta ɗara da kusan milimita 2. Ta miƙe, amma in na sa sabuwa yanzu a kan tsofaffin haƙora za ta riƙa tsalle. A bar ta sai bayan tsere.

Kuɗin shiga jika 2 kowa, an cire daga asusu. Tela ya ɗinka mana riguna kore, aljihu uku a baya, jika 3 da rabi kowace. Saura jika 7 da rabi a hannun Mushe, na ruwa da dabino da man babur ɗin yayan Auta da zai bi mu da taya.

Asabar, 20 ga Disamba

Mu 31 muka tashi da bakwai da kwata. Yaran Maraɗi su shida, jajayen riguna, kekunansu sun fi namu. Jandarma biyu a babur a gaba. Iska tana nan yadda muka so, daga hagu.

Zan rubuta yadda ta faru, ba yadda na gaya wa uwargida ba.

Wajen kilomita 12 wani mai jar riga ya ɓalle, wani ɗan Zango mai farar riga ya bi shi. Ina gaban garke, Auta yana bayana. Umarnin Kyaftin a fili yake: a tafiyar farko kowa ya ɓalle a ƙyale shi, iska za ta dawo da shi. Na ga tazarar mita 30, na ji ƙafata lafiya lau bayan hutun mura, wata zuciya ta ce in wannan ta tafi fa? Ban waiwaya ba. Na taka.

Mu uku muka juya a Mirya da tazarar daƙiƙa 40. Ni da mai farar riga muna karɓa-karɓa. Mai jar riga kuwa in gaba ta zo kansa sai ya juya feda sau biyar ya zame, wani lokaci ya nuna cinyarsa ya girgiza kai. Na ɗauka ya gaji. Har tausayinsa na ji. Da muka shigo gari muka juya yara suna ihu, wani yana buga galan, na ji ana kiran sunan shagona. Tazara minti 1 da daƙiƙa 10. A raina har na fara tsara abin da zan gaya wa Kyaftin.

Tafiya ta biyu, kilomita 44 ko 45, na ji ƙarar tayoyi a baya. Na waiwaya na ga mafici, an buɗe shi tsaf, jajaye biyar da wasu mutum uku da suka samu gurbi. Dabararmu ce, a daidai wurin da muka zaɓa, sai dai ba mu ne muka yi ba. Babu kore ko ɗaya a ciki. Wanda na yi ta jin tausayi ya miƙe a kan feda ya shige cikin ƴan uwansa da sabuwar ƙafa. Na yi ƙoƙarin kama tayar ƙarshe, na riƙe ta kamar minti ɗaya a gefen kwalta, iska tana dukana, na saki.

Garke na biyu ya same ni, Kyaftin a gaba, baki buɗe, Tela ya riga ya faɗo baya. Daga baya Mushe ya ba ni labari. Da jajaye suka taka, wurin da ya kamata in kasance, gaban Auta, wani ne a ciki wanda ya bar tazarar keke biyu ta buɗe. Kafin su kewaye shi ta zama goma. Su uku suka yi ta bi, ni kuma da na shiga cikinsu ko ja ɗaya ban iya yi ba.

Jajaye sun ɗauki na ɗaya, na biyu da na huɗu. Auta ya ci tseren garke na biyu, ya zo na 10. Ni na 22.

Kyaftin bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi ruwa ya wuce wajen babur. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Auta ne ya zo ya miƙo mini lemo ya ce, "Sannu Yaya, yau ka sha iska." Har yanzu ban san ko da biyu ya faɗa ba.

Da dare na je gidan Kyaftin. Na ce na yi laifi. Ya ce, "Ka ci tuwo da yawa, ka kwanta. Gobe da dawowa ake tsere, ba da tafiya ba."

Lahadi, 21 ga Disamba

Mu 28 yau. Ƙafa ta yi tsami, sai da muka wuce kilomita 15 ta saki.

Tafiya kamar yadda aka zata, iska a baya, 41, 42, kowa jarumi. Mutum biyu sun gwada ɓallewa, na ji ƙafata ta motsa da kanta, na dubi tayar gabana na ci dabino. Auta yana manne da ni, duk bayan ɗan lokaci in ji ya ce "ina nan".

Mun juya a Takeita a dunƙule. Iska ta tare mu, garke ya takure, babu mai son gaba. Kilomita 8 bayan juyawa, a kan wani tudun rage gudu na ƙauye, na ji fus a bayana. Tayar gaban Auta. Babur ɗinmu yana can baya ya tsaya ba Tela ruwa. Mushe bai yi wata-wata ba, ya tsaya ya kwance tasa ya ɗaura masa, ya tura shi. Tseren Mushe ya ƙare a nan, a bakin hanya da keke mai ƙafa ɗaya.

Jajaye sun gani, suka taka. Ban ga laifinsu ba, da mu ne haka za mu yi. Tazara ta kai daƙiƙa 45 kafin mu daidaita, ni da Kyaftin da yaron a baya. Kyaftin ya ja minti biyu, na ja uku, ya ja ɗaya, na ja huɗu, daga nan ya daina fitowa, ya ce da ƙyar, "Naka ne." Na kwantar da ƙirji a kan ƙaho, na daina kallon garke, na koma kallon farin layi. Ban ɗaga gudu ba, ban sauke ba, 33 cikin iskar nan, don in na yi fizga ɗaya Kyaftin zai faɗi, in ya faɗi babu mai kai Auta ƙarshe. Kusan minti 14 muka yi. Daga ƙarshe na ga tayar mutum na ƙarshe tana matsowa, na ji Auta ya ce, "Mun shiga, Yaya, mun shiga."

A cikin wannan rikici wani mai jar riga, wanda ya ci jiya, ya riga ya tafi shi kaɗai, ɗan Zangon nan na jiya yana tsakani. Ƴan uwansa suka zauna a gaba suna rage gudu, duk wanda ya fito su manne masa. Saura 15, Kyaftin ya dube ni. Na sha ragowar ruwan gishiri na fita gaba.

Abin da na tuna daga nan kaɗan ne. Hancina ya bushe har yana jini. Wasu mutum biyu daga wata ƙungiya sun karɓe ni sau uku ko huɗu. Mun kamo mai farar riga saura 6. Mai jar rigar yana nan gaba kamar ɗigon barkono, ba ya matsowa. Saura 2 cinyata ta hagu ta ɗaure, na motsa gwiwar hannu na zame, na ga Kyaftin ya wuce da Auta a bayansa, sai garke duka, sai ƙura.

Ƙarshen ban gan shi ba, Tela ne ya nuna mini a wayar wani. Kyaftin ya kai shi saura 300, ya fito ta dama, wani ja ya riga shi da rabin taya. Na uku. Ni na shigo na 19, minti 4 a baya, ina taka feda da ƙafa ɗaya da rabi. Babu wanda ya kira sunan shago. Auta yana tsaye a bakin layi bai ko cire hula ba, ya riƙe mini keke na sauka.

Talata, 23 ga Disamba

Kyautar na uku jika 15 da katan ɗin sabulu. Auta ya kawo duka shagon Tela ya ajiye. Kyaftin ya ce al'adar tsere a raba daidai, jika 3 kowa. Sabulun aka ba Mushe kaso biyu saboda tayarsa. Nawa na kai gida, uwargida ta juya shi ta ce makonni bakwai da bokitin ruwanta sun haifi sabulu huɗu.

Abin da na kashe daga aljihuna tun 2 ga Nuwamba: taya da tub jika 15, asusu jika 7, faci da fura da dabino wajen jika 4, maganin tari jika 2 da rabi.

Direba zai tafi Kano ran Alhamis. Sarƙa da haƙoran baya na giya tara, an ce wajen jika 16, na ba shi tsohuwar sarƙar ya tafi da ita a leda. Wannan mako hutu, sai Lahadi kilomita 40 a hankali. Azumi yana tafe a Fabrairu, saura mana mako bakwai ko takwas na atisayen safe. Kyaftin yana so a samo mutum na shida, akwai wani ɗan Garin Malam da ya riƙe garke har ƙarshe ran Lahadi da keken ƙarfe. An ce ni zan koya masa karɓa-karɓa.